Hurricane Mk.I Tropical na Airfix, sikelin 1/48: yadda yake haɗuwa, inda yake gardama, da yadda ake tsufar da shi

A cikin ƙananan jiragen roba da ake saye a kwali a haɗa a gida, da wuya a sami wanda tarihinsa ya ratsa ta ƙofar gidanmu kamar Hawker Hurricane mai matatar iska a ƙarƙashin hanci. Bayan Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yunin 1940, Bahar Rum ta zama hanya mai hatsari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kai jiragen yaƙi cikin manyan akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana a yau. A can ake haɗa su, daga watan Satumban 1940 suka fara tashi ayari-ayari, jirgin Blenheim mai inji biyu yana gaba a matsayin madugu. Su yada zango a Legas, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, su bi ta El Geneina da El Fasher da Khartoum har su isa Masar. Ƙurar filin jirgin Kano ta hau tayoyin waɗannan jirage kafin rairayin Libiya ya hau su.

Wannan jirgin ne kamfanin Airfix na Ingila ya fitar a sikelin 1/48 da lamba A05129. Ma'anar sikelin ita ce an raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 48. Hurricane yana da faɗin mita 12.19 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike, don haka samfurin yana ba da santimita 25 da ɗoriya, tsawonsa kuma kimanin santimita 20. Girma ne mai daɗin aiki, yatsu suna iya riƙe guntayen, ido kuma yana ganin abin da aka yi wa wahala.

Hukuncina a kansa tun da wuri: kaya ne da ya cancanci kuɗinsa, siffarsa ta yi daidai da ta jirgin, cikinsa ya fi na tsofaffin samfuran kamfanonin Hasegawa da Italeri cika. Amma ba ya yafe gaggawa a matakan farko. Duk wanda ya yi sakaci da rabin milimita a ƙwarangwal ɗin ciki, zai biya da awa biyu na foti, wato ƙullun cike tsaga, da samfefa a gindin fiffike.

Abin da ke cikin kwalin

Guntaye sun haura 100, a jikin firam-firam na roba mai launin toka-toka da ɗan shuɗi, sai firam ɗaya na roba garai-garai don gilasai, da takardar sitikar ruwa, wato tambura da lambobin jirgin da ake jiƙawa a manna, da littafin umarni mai zane. Robar tana da taushi. Wannan yana da amfani wajen yanka da gogewa, amma reza tana saurin nutsewa a cikinta, gam mai narkarwa kuma yana cinta fiye da yadda yake cin robar samfuran kamfanin Tamiya. Kada ka murɗe guntu da hannu don cire shi daga firam, yana barin rami. Ka yanka da ƙaramar filaya mai kaifi, ka bar tsinin milimita 1, sannan ka sassaƙe shi da sabuwar reza, ka bi da samfefa mai lamba 600.

An ba da farfela iri biyu, ta kamfanin De Havilland da ta kamfanin Rotol, kowace da hularta. An ba da rufin gilashin matuƙi guda biyu, ɗaya na rufewa, ɗaya mai ɗan faɗi wanda zai hau bayan jirgin idan ana so a bar shi a buɗe. Kada a musanya su: na rufewar ba ya zama a baya, idan aka danna shi da ƙarfi sai ya tsage. Tayoyin an ɗan baje ƙasansu kamar masu ɗauke da nauyi. Filafilan juya jirgi na fiffike da na wutsiya duk daban suke, ana iya karkata su kaɗan. Akwai ɗan mutum-mutumin matuƙi. Abin da babu shi ne bel ɗin kujera, kuma rashinsa yana fitowa fili idan aka bar gilashi a buɗe ba matuƙi.

Wurin da Airfix ya fi burge ni shi ne bayan gangar jikin. Sydney Camm, wanda ya tsara jirgin da ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamban 1935, ya gina shi ne da bututun ƙarfe, aka ɗora siraran katako a kai, aka lulluɓe da yadin lilin da aka shafa wa sinadarin da ke ɗame shi. A jirgin gaske yadin a ɗame yake kamar fatar kalangu, layukan katakon ne kawai suke bayyana. Wasu kamfanoni sukan zurfafa tsakanin layukan har ya koma kamar kwanon rufi. A nan an yi shi da sauƙin hannu, ya yi kama da abin da ake gani a hotuna. Layukan da ke raba faifan ƙarfe a fiffike da hanci kuwa sun ɗan fi ƙima zurfi, amma fenti hawa uku yana rage su.

Azara biyu da duk aikin ya rataya a kansu

Jirgin gaske ba shi da daɓe a mazaunin matuƙi. Kujera a rataye take cikin bututai, ƙafafun matuƙi suna kan ƴan alluna biyu. Airfix ya bi wannan tsari sak. Akwai dogayen azara biyu da suka ratsa fiffike, ta gaba da ta baya, su ne kuma bangon ramin tayoyi. A kansu ake zura bututan gefe, a ɗora kujera da sandar tuƙi da matakan ƙafa. Duk wannan ya zauna a cikin fiffiken ƙasa, wanda guntu ɗaya ne daga hagu zuwa dama, sannan gangar jikin ta sauko ta rufe shi kamar murfi.

A nan ne ake samun matsalar da aka fi kuka da ita. Ramukan da azarar ke shiga an yi su cif-cif, ba a bar wa fenti wuri ba. Kowane bututu kuma yana da siririn layin da bakin mazubi ya bari. Idan ba a kankare layin ba, ko aka fesa fenti kafin a haɗa, bututan ba sa kaiwa ƙarshen mazauninsu. Sai ƙwarangwal ɗin ya ɗaga sama kaɗan, ya tokare gangar jikin daga ciki, fiffiken sama ya ƙi haɗuwa da jiki, a sami tsaga a gindinsa ko matakala a ƙarƙashin hanci.

Maganinsa tsari ne. Ka kankare kowane bututu da bayan reza, ba da kaifin ba. Ka haɗa azara da bututai babu gam, ka zaunar da su cikin fiffiken ƙasa, ka haɗa ɓari biyu na gangar jiki da tef, ka kifa a kai, ka ɗora fiffiken sama. Idan komai ya rufe ba tare da an matsa ba, to sai ka cire jikin a hankali, ka ɗiga gam mai tsararo irin Tamiya Extra Thin a mahaɗan alhali ƙwarangwal ɗin yana zaune a cikin fiffiken, domin fiffiken ne zai riƙe shi a miƙe har ya bushe. Fenti ya zo bayan haka. Saman azarar, inda fiffiken sama zai kwanta, a goge shi tas, kada ɗigon fenti ya rage. Akwai kuma ƴan zagayen tabo da injin zuba roba ya bari a cikin bangon mazaunin matuƙi. Waɗanda ke sama kusa da baki su kaɗai ake gani, su za ka cike. Na ƙasa ɓata lokaci ne.

Launin ciki: bututai da ramin tayoyi ruwan alminiyon, wato fentin kamfanin Humbrol mai lamba 56 ko Tamiya XF-16. Bangon sama da allon bayan kujera kore mai toka-toka, Humbrol 78. Allon agoguna baƙi, a ɗora masa sitikarsa, a jiƙa da ruwan tausasa sitika har ta kwanta, sannan a ɗiga banish mai sheƙi da tsinken sakace a kan kowane agogo don ya yi kamar gilashi. Bel kuwa ana yin sa da tef ɗin rufe fenti: a manna shi a kan gilashi, a yanka siri-siri mai faɗin milimita 1, a shafa masa launin ƙasa mai haske, biyu su sauko ta kafaɗa, biyu ta cinya, a ɗiga azurfa a bakin kowanne.

Hurricane Mk.I yana da bindigogin Browning takwas, huɗu a kowane fiffike. Kwalin ya ba da su duka da akwatunan harsashi, amma sai an yanke faifan saman fiffike kafin a gan su. Shawarata ga wanda wannan ne jirginsa na farko ko na biyu: ya bar fiffiken a rufe, ya tsallake matakan bindigogin baki ɗaya. Wanda ya ƙudurta buɗewa, ya buɗe gefe ɗaya. A jera ƙananan huji da ƙaramin abin huji a cikin layin, a haɗa su da reza, a ƙarasa da fayil har bakin layin. Yanka kai tsaye a kan layin yana sa reza ta zame ta ja tabo a kan fiffike, robar nan kuma ba ta da ƙarfin tare ta.

Ƙasan hanci guntu ne daban, shi ke ɗauke da matatar Vokes, wannan babbar haɓa da aka ƙara don kada rairayi ya shiga injin Rolls-Royce Merlin ya cinye shi. Ta rage wa jirgin gudu, amma ta tsawaita ran inji, ita ce kuma ke ba shi kamanninsa na hamada. Matatar ɓari biyu ce, layin haɗinta yana bi ta tsakiya, dole a shafe shi domin a jirgin gaske babu shi. Ƙasan wutsiya ma guntu ne daban. A nan a yi hattara da samfefa, don layukan yadin suna kusa. Ka manna tef a kowane gefen haɗin, ka bar milimita 2 kawai a fili, ka goge tsakanin. Fitilun sauka da ke gaban fiffike ba sa zama daidai da kansu. A baƙanta gefensu da alƙalami, a manna, a goge su su daidaita da fiffike daga samfefa 800 zuwa 2000 zuwa sama, a dawo da sheƙinsu da man goge roba.

Gilashi ba a kusantar da shi da sufa gulu. Tururinsa yana bin roba garai-garai ya mayar da ita fari fat, kuma da wuya ya fita. Farin gam na kafintoci ya isa, yana bushewa ba launi, abin da ya tsartu a share da jiƙaƙƙen tsinken auduga.

Fenti

Jiragen farko da suka bi ta Takoradi da yawansu sun iso da launin Ingila, kore mai duhu da ruwan ƙasa. Daga baya aka daidaita a kan launin hamada: Dark Earth (ruwan ƙasa mai duhu) da Middle Stone (launin rairayi) a sama, Azure Blue (shuɗin sararin sama) a ƙasa. A lambobin Humbrol su ne 29 da 225 da 157. A na Mr. Hobby, H72 da H71 su ne na saman. Ka tsai da jirgi ɗaya da za ka kwaikwaya, ka nemi hotonsa, kafin ka buɗe kwalba.

Da farko a wanke samfurin da ruwa da ɗigon sabulun wanke kwano don cire maiƙon hannu. A toshe mazaunin matuƙi da soso, a rufe gilasai da tef. Rufin Hurricane yana da sanduna da yawa, wannan aikin zai ci awa guda, kuma reza sabuwa fil ake so. A fara fesa koren ciki a kan gilashin, domin shi za a gani daga ciki. Sannan fentin shimfiɗa, Mr. Surfacer 1200, hawa ɗaya siriri. Shi ke tona duk tsagar da ido bai gani ba.

Da bindigar feshi mai bakin milimita 0.3, iska tsakanin 15 zuwa 18 a ma'aunin psi, fenti kashi 1 tina, wato ruwan sirka fenti, kashi 2 idan na Tamiya ne ko Mr. Hobby, a tsaya santimita 6 zuwa 8 daga jiki. Daga mai haske ake farawa: shuɗin ƙasa, a bar shi ya kwana, a rufe da tef, sai Middle Stone a duk saman, sai Dark Earth. Don iyakar launukan biyu, a murza Blu Tack, wato danƙo mai laushi na manna takarda a bango, ya zama igiya mai kaurin milimita 3, a bi zanen da ita, a cike tsakiya da tef, a fesa a tsaye daidai kan igiyar. Idan aka karkata bindigar, gefe ɗaya zai fito da kaifi, ɗayan ya yi dishi-dishi.

Yanayinmu yana da nasa hukunci a kan wannan mataki. A lokacin hunturu iska ta bushe ƙarau, fenti yana bushewa kafin ya isa jikin roba, ya sauka kamar gari, jiki ya yi kaushi kamar samfefa, musamman a kusurwar gindin fiffike inda iska ke juyawa. A ƙara tina, a sa ɗigo biyu na ruwan jinkirta bushewa, a rage iska, a matso kusa, a yi aikin da sassafe. Robar da aka goge kuma tana jan ƙura, don haka da an gama feshi a kife samfurin da babbar roba mai tsabta. Da damina matsalar ta juya: ruwa yana taruwa a tiyon kwamfiresa, ya tofo a tsakiyar aiki. Matarar ruwa a gindin bindigar tana hana wannan. Tinar masu fentin mota tana da kyau wajen wanke bindiga, amma ko ɗigo kada ya taɓa samfurin, narkar da robar take yi. Kowane feshi a yi shi kusa da taga a buɗe, da takunkumi mai tace tururi.

Wanda ba shi da bindigar feshi ba a bar shi a baya ba. Burushi mai faɗi mai laushi, fenti tsararo, hawa uku ko huɗu, kowane hawa ya bushe sarai kafin na gaba, ana sauya alƙiblar shafawa. Hawa ɗaya mai kauri shi ke cike layuka ya bar sawun gashi.

Sitikun suna da kyau, sirara ne, launinsu a zaune. Amma kada a ɗora su a kan fenti marar sheƙi. Fenti irin wannan, in an duba da gilashin ƙara girma, tudu da kwari ne, iska tana maƙalewa a ƙarƙashin sitika, gefenta ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. A fesa banish mai sheƙi, Tamiya X-22, ya kwana. A tsoma sitika a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 10, a ajiye ta a kan tsumma har ta fara zamewa, a shafa Micro Set, ruwan da ke sa sitika ta kama, a wurin, a zamar da ita, a matse ruwan da tsinken auduga daga tsakiya zuwa baki, sannan Micro Sol, ruwan da ke tausasa ta, a kai. Za ta yamutse kamar ta lalace. Kada a taɓa. Cikin awa biyu za ta miƙe ta shige layuka. Yawancin sitikun da suka yage, a wannan lokacin aka sa musu yatsa.

Tsufarwa: ƙarfe, yadi da katako ba sa tsufa iri ɗaya

Nan ne ake gane wanda ya san jirgin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki soso da fentin azurfa a bi duk jiki da ɓarewa tun daga hanci har wutsiya. Bayan Hurricane yadi ne. Yadi ba ya ɓarewa ya nuna ƙarfe. Yana koɗewa, yana shan dauɗa, ana yi masa faci. Kewayen mazaunin matuƙi, inda gilashin ke zamewa, katako ne da aka lulluɓe da yadi. Filafilan juyawa su ma yadi ne. Ƙarfe yana hanci, da faifan gefen da ke ƙasa da matuƙi ta gaba, da fiffike a jiragen da aka ƙera bayan an sauya zuwa fiffiken ƙarfe a 1939, wanda shi ne a kwalin nan.

To ɓarewar fenti ta tsaya inda hannu da takalmi da sukudireba suke kaiwa: kewayen maɓallan murfin inji, gefen faifan bindigogi da ake buɗewa bayan kowane tashi, gaban fiffike inda rairayi ke duka, da gindin fiffike inda ake takawa. Matuƙi ta hagu yake hawa, akwai matakin ƙafa da ake jawowa ƙasa a wannan gefen, don haka gindin fiffiken hagu ya fi na dama cin wuya. A yagi ɗan soso kamar ƙwayar gyaɗa, a riƙe da hantsaki, a tsoma a fentin alminiyon da aka sirka da ɗan toka don kada ya yi ƙyalli, a dangwala a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan a taɓa jiki. Fensirin azurfa mai tsini ya fi dacewa da kan maɓalli. Farfelar De Havilland ƙarfe ce, rairayi yana cin bayan ruwanta, wato hannayenta masu juyawa, daga baki zuwa ciki, ana iya nuna wannan. Bakin kowane ruwa rawaya ne, inci 4 a jirgin gaske, wato milimita 2 a nan.

Don fito da layuka, a dama fentin mai na masu zane, Raw Umber mai ruwan ƙasa mai duhu, kamar ƙwayar shinkafa a cikin cokalin shayi na tinar fentin mai marar wari. A taɓa bakin burushi a layi, ruwan zai bi da kansa. Bayan minti 20 a share abin da ya fita da tsinken auduga, ana ja daga gaba zuwa baya, yadda iska ke bi. Baƙi wuluk bai dace da launin hamada ba, yana mayar da jirgin kamar an zana shi da biro. A bayan jiki kuma kada a zuba wannan ruwa tsakanin layukan yadi, domin ba tsaga ba ce. A kula kada ya taru a gindin ƙafafun taya, tinar mai tana sa roba ta yi gautsi ta karye a inda take ɗauke da nauyi. Wannan mataki a kan banish mai sheƙi na ruwa ake yin sa. Idan fentin ƙasa Humbrol na mai ne kuma ba a rufe shi ba, tinar za ta ɗago shi.

Koɗewar rana ita ce ruhin jirgin hamada. Bayan an fesa banish mai ɗan dishi, a matsa fentin mai fari da Yellow Ochre (rawaya mai ruwan ƙasa) da Raw Umber a kan kwali, a bar su awa guda kwalin ya tsotse man, in ba haka ba za su bar sheƙi kuma su ƙi bushewa. A ɗiga ƙananan ɗigo da tsinken sakace a faifai ɗaya, a bi da burushi mai faɗi da aka jiƙa da tina aka matse har ya kusa bushewa. A fiffike a ja daga gaba zuwa baya, a gefen jiki daga sama zuwa ƙasa. Fari ya fi yawa a inda rana ke duka kai tsaye: saman fiffike, ƙashin baya, saman wutsiya. A bi ta kan tambarin ma. Tambari mai ja da shuɗi sabo fil a kan fenti koɗaɗɗe yana tona aikin nan take. A yadi kuma a ɗan haskaka kan layukan katako kawai, da busasshen burushi. A bar shi kwana biyu.

Kunkunniyar salansa launi biyu ce. Da farko siririn hayaƙi na baƙi da ruwan ƙasa, fenti kashi 1 tina kashi 9, daga bakin salansa ya bi gefen jiki yana ɗan lanƙwasa ƙasa ta saman fiffike yana ɓacewa. Sannan a tsakiyarsa, kusa da salansar, toka mai haske, wadda dalmar da ke cikin man jirgi take bari. Hawa goma marasa ƙarfi sun fi hawa ɗaya mai ƙarfi, domin wanda ya wuce gona da iri ba ya gyaruwa sai an sake fenti. Allin zane da aka goga a samfefa ya zama gari yana yin wannan aiki da burushi. Salansar kanta ba jan tsatsa ba ce, ruwan ƙasa ne mai duhu da ɗan ƙonewa.

Merlin inji ne mai yoyon mai. Man yana fitowa ta ƙarƙashin murfin inji, ya bi ciki, ya wuce ta gefen lagireton da ke tsakiyar ciki. A ɗiga baƙi da Burnt Umber (ruwan ƙasa mai ja-ja) a bakin faifai, a ja baya da siririn burushi, wasu dogaye wasu gajeru, a ƙara ɗan sheƙi a kan sababbin. Bakin bindigogi kuwa ana manna musu jan ƙyalle kafin tashi don kada ƙura ta shiga. Jirgin da bai yi harbi ba, facinsa ja ne lafiyayye, ba baƙin hayaƙi. Wanda ya dawo daga faɗa, facin a huje yake, da ɗan hayaƙi a bayansa da kuma ƙarƙashin fiffike inda kwanson harsashi ke faɗowa. A zaɓi ɗaya, kada a haɗa lafiyayyen faci da hayaƙi.

Ƙura ita ce ta ƙarshe, bayan banish marar sheƙi, domin banish yana haɗiye garin alli ya ɓace. Tayoyi ba baƙi ba ne, toka ce mai duhu, Tamiya XF-85. A cusa garin alli mai launin rairayi a gefen taya da cikin murfin ƙafa da bayan ramin tayoyi da gindin wutsiya, a ɗiga tina kaɗan ta kama shi. Wanda yake son ya nuna jirgin a kan hanyarsa, a zangon Kano ko Maiduguri, ya tuna cewa sabo ne daga akwati: ba ɓarewa, ba koɗewa, sai hayaƙin salansa na doguwar tafiya, da ɗan mai a ciki, da ƙura a ƙafafu.

A cire tef ɗin gilashi bayan an bi gefensa da reza a hankali, don kada ya ɗago fentin sandunan. Wayar rediyo, ga jirgin da hotonsa ya nuna ta, ana yin ta da ragowar firam: a riƙe guntu a saman kyandir har ya yi laushi, a janye daga wutar, a ja hannu biyu a hankali ya zama zare. A manna daga sandar bayan matuƙi zuwa saman wutsiya da ɗigon sufa gulu, a hura ashana ta mutu, a kusantar da kanta mai zafi a ƙarƙashin zaren, zai ɗame da kansa. Farfela da wayar nan da siririn bututun auna gudu da ke ƙarƙashin fiffiken hagu su ne na ƙarshen mannawa, don su ne hannu ya fi karyawa.